Ƙwaryar da Na Wanke

Akwai wata ƙwarya a gidanmu, a Matameye, wadda ba a taɓa wanke ta ba tun kafin a haife ni. Ni na wanke ta. Ina 'yar shekara goma sha uku ko sha huɗu a lokacin, Nasara bai zo ba tukuna, ko labarinsa ba mu cika ji ba.

Babba ce, sai da hannu biyu ake ɗaukar ta, ta yi baƙi don tsufa, gyartai mai ɗinkin ƙore ya ɗinke ta wuri uku. A ragaya take rataye can ƙuryar ɗakin Inna, sau biyu kaɗai ake sauko da ita a shekara, ƙaramar salla da babba. Yaro ba ya taɓa ta. Ban taɓa tambayar dalili ba, Inna kuma ba ta taɓa faɗa ba, don abin da kowa ya sani ba a zama a koya wa yaro shi.

A cikinta Inna ke kwaɓa funkason salla. Baba yana da 'yar garka a bakin tafki, da sanyi yakan shuka alkama, ba mai yawa ba, abin da zai ishe mu salla biyu. Inna ta wanke, ta shanya, ta niƙa a dutse sau uku tana tankaɗewa, sai gari ya yi laushi kamar kwalli. Ranar jajibere ta kwaɓa da ruwa mai ɗumi, ta rufe da faifai, ta ajiye gefen murhu. Kafin gari ya waye kwaɓin ya tashi, yana ture faifan da kansa. Ta soya a man gyaɗa, ga miyar taushe da kabewa da yakuwa a tukunya. Gidaje da yawa suna funkaso a unguwarmu, amma na Inna yana da wani tsami mai ƙamshi, irin ƙamshin ƙasa in ta sha ruwan fari, da wani abu kuma a ƙarƙashinsa wanda har yau ban san sunansa ba. Baba ba mai yawan magana ba ne, amma ranar salla yakan ci biyar, ya yi hira har la'asar.

Inna ta rasu saura kwana goma a ɗauki azumi. Ciwon ciki ne, kwana huɗu ya yi mata. Ni kaɗai na rage musu cikin 'ya'ya, sauran duk sun koma tun suna goye.

Baba bai yi kuka a gaban mutane ba. Ya karɓi gaisuwa, ya yi godiya, ya koma ɗaki. Masaƙi ne, akwai zanen sallar Inna da ya fara, ya bar shi rabi a masaƙa. Sai azumi ya shigo ya rufa masa asiri. Da rana ba wanda zai ce masa ci, kowa bakinsa a rufe yake. In an sha ruwa ya kurɓi kunu sau biyu, ya ture ƙoƙon, ya ce ya ƙoshi. Tuwo kuwa yadda na kai haka nake ɗaukowa.

Gwaggo, yayar Baba, ita ta zo daga Icirnawa ta riƙe mana gida. Doguwa ce, mai kaifin baki, ta binne miji biyu, ba ta tsoron kowa sai Allah da abin da ba a gani. Ita kaɗai ke iya yi masa faɗa.

“Kai, in mutuwa kake so ka bi layi, ni ce gaba da kai. Buɗe baki.”

“Yaya, ba ya wucewa ne. In na sa a baki sai ya zama ƙasa.”

“To me zai wuce? Faɗi, ko nonon kura ne a tatso.”

Wannan ranar azumi ya kai ashirin, wuyansa ya zama kamar na zakara, in ya tashi sai ya dafa bango. Can ya ce, “Ranar salla a yi mini funkaso a ƙwaryar uwar yarinyar nan. Shi zan ci.”

Gwaggo ta ja ni bayan rumbu, ta riƙe kafaɗata. Ta ce, “Kin ji da kunnenki. Na ga masu irin wannan ciwo. In ya ci ranar salla, cikinsa ya buɗe, ya tashi. In bai ci ba, ba zai ga watan gaba ba, ni kuma in ɗauke ki mu tafi Icirnawa, a toshe ƙofar gidan nan da ƙaya. Saboda haka ki niƙa alkamar nan kamar ranki ne a ciki.”

Kwanakin ƙarshen azumi, a wancan zamani, hannun mace ba ya hutawa. Ana daɓen ɗaki da ruwan makuba har ƙasa ta yi sheƙi. Masu kaɗi suna kaɗi, masu zanen ƙore suna ɗora wuƙa a wuta suna zana ƙoren kai abinci. Kowace yarinya kuma tana saƙa sabon faifai, don da shi za a rufe abincin da za a kai gidajen dangi, kuma ana gane hannun kowace mace a faifanta kamar yadda ake gane muryarta. Ni ma na saƙa nawa, da jan karan dafi da baƙi, zobe cikin zobe. Kaba in ta bushe karyewa take, sai an ja ta ta cikin baki an jiƙa ta da yawu kafin a soka. Shi ya sa Inna ta hana ni zubar da guntayen kaba ko'ina, sai dai a murhu. Ta ce abin da ya sha yawunka kai ne, wanda ya riƙe shi ya riƙe ka.

Saura kwana shida, Gwaggo za ta kasuwa, ta ce in fito da ƙoren gidan duka in wanke, kada salla ta same mu da dauɗa. Duka ta ce. Na fito da su, na hau turmi na sauko da babbar.

Da na buɗe, cikinta duk busasshen kwaɓi ne, ɓawo kan ɓawo, ya yi kauri kamar yaɓen bango. A jikinsa kuma ga shatin yatsun Inna guda huɗu, inda ta kwashe kwaɓin ƙarshe da babbar sallar da ta wuce. Na sa yatsuna a ciki, suka zauna daidai. Na ce a raina, Inna aiki ya yi mata yawa, ba ta taɓa samun sukunin wanke wannan ba, ni zan yi mata. Na jiƙa ta. Na sa toka da rairayi da soso, na dirje. Ina kallo shatin yatsun ya yi laushi, ya narke, ya bi ruwa, ƙasar tsakar gida ta shanye. Kajinmu da ba sa barin ko ƙwayar tsaki, ba wadda ta matso wurin. Na kife ƙwaryar a rana, ta bushe fes, cikinta fari kamar ƙashi. Na mayar da ita ragaya ina jin na yi abin kirki.

Saura kwana huɗu Gwaggo ta ce mu gwada hannu da gari kaɗan. Na sauko da ƙwarya na miƙa mata. Ta duba ciki, ta dube ni. Ba ta daka mini tsawa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Zama ta yi a ƙasa.

“Wa ya aike ki?”

“Ke kika ce duka.”

“Na ce duka.” Ta shafa farin cikin ƙwaryar. “Yarinya, abin da kika kankare ba dauɗa ba ne. Shi ne uwar tsamin. Shi ke farkawa in ya ji ruwan ɗumi, ya tayar da kwaɓi. Daga hannun kakarki ya fito, ita ma a hannun tata uwar ta same shi. Kin zubar da mata uku a tsakar gida.”

Muka kwaɓa duk da haka. Ya kwana ya wuni yana kwance kamar laka. Gwaggo ta zuba nono mai tsami, ya ɗan motsa, ya koma. Ta shiga maƙwabta ta roƙo tsaminsu, wannan kam ya tashi sosai, har muka yi murna. Dab da shan ruwa muka soya guda biyu. Ban kai ga ƙofar ɗakin Baba ba na ji muryarsa daga ciki, a hankali.

“Mai da shi. Na gidan wasu ne.”

Ta hanci ya gane. Gari kuma ya tafi a gwaji, abin da ya rage na kwaɓi ɗaya ne.

Daren ashirin da tara aka duba wata ba a gani ba, aka ce gobe za a cika talatin, jibi salla. Da safe Gwaggo tana tsefe mini kai, tana ja da ƙarfi don haushi, tana magana ita kaɗai. A nan ta saki abin da ba ta yi niyya ba. Ta ce da kakata za ta aurar da Inna, biyu ta raba tsamin nan, rabi a ƙwaryar Inna, rabi a ta ƙawarta, don tare suka tashi kamar tagwaye.

“Wace ƙawa?”

Hannunta ya tsaya a kaina. “Ba kowa. Riƙe kanki sosai.”

Amma na riga na gane, don mace ɗaya ce ba a faɗin sunanta a garin. Ina ƙarama aka yi abin. Wata mata ce da ta ga yaro a bakin rijiya, ta ce kai, wannan yaro da kyau yake. Kafin magariba yaron ya kwanta, yana kiran sunanta cikin zafin jiki. Aka ce mayya ce, ta kama kurwarsa. Aka jawo ta tsakar gidansu aka sa ta tsallake shi sau uku, kamar yadda ake sa maye ya saki wanda ya kama. Da yaron ya mutu, wataƙila da an ce kwanansa ne ya ƙare. Sai ya tashi ya nemi fura. Wannan tashin shi ya kore ta daga gari. Ta yi bukka a hanyar Tsauni, bayan gonaki, inda goruba ta yi yawa. Ba mai gaishe ta, ba mai cin abin hannunta. Sai a ranar na tuna, duk salla da la'asar Inna takan ɗauki tulu ta ce za ta rijiya, da wani abu a ƙunshe cikin zane, ta daɗe ba ta dawo ba.

“Gwaggo, in je?”

“In kin taka hanyar nan na karya ƙafar. Ɗaya na kwance, ki ƙara mini na biyu?”

Da rana ta take tsaka, azumi ya kwantar da kowa, Gwaggo ta miƙe a inuwar rumbu ta rufe fuska da mayafi. Na ɗauki ƙwaryar, na rufe ta da sabon faifaina, na ɗora a gammo na fita.

Kun san tsakar rana ba lokacin mutane ba ne. An hana mu fita a cikinta tun muna yara, an ce masu ita suna kan hanya. Ban gamu da kowa ba. Ba tsuntsu, ba akuya, ko iska ba ta motsi. Inuwata ta shige ƙarƙashin ƙafata, ina tafe kamar ba ni da ita. Rairayi yana ƙona tafin ƙafa, gorubai a tsaye da rassa biyu-biyu kamar mutane sun ɗaga hannu. Duk addu'ar da na sani na karanta, da ta ƙare na koma farko.

Bukkar ƙarama ce, da darni na kara kewaye, tsakar gidan a share tas, an daɓe ƙofar ɗaki sabon daɓe. Wannan ya fi ba ni tsoro. Ita ma shirin salla take, ita kaɗai, ba mai zuwa ya gani. Na yi sallama sau uku, shiru. Sai murya ta fito daga bayana.

“Wa kike nema a gidan da ba a neman kowa?”

Na juya. Gajeriya ce, siririya, da damin kaba a ka. Idonta ja, amma idon duk mai hura wutar kara ja ne. Na ja da baya, ƙwaryar ta karkace a kaina.

“Sauke kafin ki fasa. In cin ki zan yi ai kin kyauta, kin iso a dafe, ga rana. Sai dai ba nama a jikinki.” Ta ajiye kabarta. “Da na ba ki ruwa, ki rasa yadda za ki ƙi. Kin ga azumi ya cece mu duka.”

Na durƙusa na ce, “Iya, ina wuni.”

“Iya,” ta maimaita, kamar tana ɗanɗana kalmar. Ta ɗaga faifan. Ta ga ɗinkin gyartai, ta bi shi da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ga farin cikin. Ta daɗe a sunkuye.

“Yaushe ta rasu?”

Ban kai ga gaya mata rasuwar Inna ba. Na ce, “Wa ya faɗa miki?”

“Da ranta ba mai sa wa wannan ruwa. Yaushe?”

“Saura kwana goma azumi.”

Ta lanƙwasa yatsu tana motsa baki. “Yau arba'in ke nan. Ba wanda ya tako ya gaya mini.” Ta dubi bakin darni, inda na tsaya ɗazu. “Kwanakin nan duk, rana tsaka kamar yanzu, sai in ji an zo nan an tsaya. Ba a sallama. In fito, ba kowa. Na ce wata ce mai buƙata tsoro ya hana ta shigowa. Ashe.”

Na gaya mata zancen Baba, da abin da na yi da toka da rairayi. Ba ta zage ni ba. Ta ce, “Uwarki ma ta taɓa zubar da daddawar shekara guda, ta ce ta ruɓe. Taho.”

Na bi ta cikin ɗakin don ba ni da yadda zan yi. Duhu da sanyi, kuma ƙamshin nan ya tare ni a ƙofa, ƙamshin safiyar salla a gidanmu. Tata ƙwaryar tana gefe, ta riga ta kwaɓa tun jiya, ya tashi yana huci. Da idona ya saba da duhun sai na ga bangon. Faya-fayai ne rataye, sun fi ashirin, jere bisa jere. Ba saƙarta ba ce, hannu daban-daban ne, kuma na san hannuwan. Ga na matar mahaucin unguwarmu, wadda na gani jiya tana daka. Ga na maƙwabciyarmu da ta rasu da damina. Ga na wata amarya da aka binne bara. Ga na uwar yaron nan na bakin rijiya, ita da ta fi kowa ɗaga murya ranar da aka kore ta. Na masu rai da na matattu, a haɗe, ba a ware ba.

“Baƙina ke nan,” in ji ta. “Da rana tsaka suke zuwa, ɗaya-ɗaya, mai ciwon nono, mai neman haihuwa, mai ɗa ba lafiya. A kasuwa ba su san ni ba. Ni kuwa ba na karɓar kome sai faifai.”

Ta tsoma hannu cikin kwaɓinta, ta ɗebo, ta shafe cikin ƙwaryar Inna da shi tun daga gindi har baki, a hankali, kamar mai shafa wa jariri mai. Ta ƙara cikin tafi guda a tsakiya. Sannan ta miƙo ɗaya hannun, mai tsabta, wajen faifaina.

Kwana tara na yi ina saƙa shi, ba zaren kaba ɗaya a jikinsa da bai bi ta bakina ba. Na dubi bangon, na dubi hannunta. Ta ga abin da nake tunani, ba ta taimake ni ba, ba ta ce kada ki ji tsoro ba. Jira kawai ta yi. Na tuna wuyan Baba. Na miƙa mata.

Ta kai shi hanci ta shinshina, ta rataye shi a ƙarshen jere. Ta ciro wani tsoho daga sama ta rufe mini ƙwaryar da shi. Saƙar Inna ce, ja da fari.

“Wannan ya gama zamansa a nan. Ki zuba gari da la'asar, ruwa mai ɗumin jiki, kada ya fi haka. Ki gaida mai jiki, in ana gaishe shi da sunana.”

A hanyar komawa ƙwaryar ta yi ɗumi a kaina, ba ɗumin rana ba, daga ciki yake fitowa. Kuma tana ƙara, ƙasa-ƙasa, ta ja ta saki, ta ja ta saki, kamar mai barci a bayanka. Na san kwaɓi mai rai yana yin haka. Sanin bai hana gashin jikina tashi ba. Ga nauyi, abin da bai fi cikin tafi biyu ba, amma kafin in kai gari wuyana ya sage kamar na ɗauko tulu.

Gwaggo tana tsaye a zaure. Ba ni ta duba ba, faifan ta duba.

“Ina naki?”

Na sauke ƙwaryar daga kaina.

“Kin bar mata.” Ta dafe ƙirji. “Kawo in zubar a bayan gari, in haƙa rami in binne.”

Ban taɓa yi wa babba musu ba sai ran nan. Na rungume ƙwaryar na ce, “In kin zubar, me zai ci gobe?”

“In ya ci wannan, shi za a ci.”

“In bai ci ba fa? Ke kika ce ba zai ga watan gaba ba.”

Muka tsaya a zauren nan, ƙwarya tana numfashi a tsakaninmu, ita ma tana ji. Daga baya ta matsa gefe. Ta ce hannunta ba zai taɓa ba, kuma ba za a ba ɗan'uwanta abu a ɓoye ba, sai an gaya masa inda ya fito. Na ce na yarda. Da la'asar na zuba sauran garin duka, na kwaɓa, na rufe, na ajiye gefen murhu.

Da asuba faifan ya karkace, kwaɓi ya leƙo ta baki.

Maza suka wuce idi, muna jin kabbararsu tana nisa. Baba bai iya zuwa ba. Gwaggo ta yi taushe, wannan kam ta yarda ta yi. Na ɗora kasko, mai ya yi zafi, na jiƙa hannu na ɗebo na saka. Ya kumbura, gefensa ya yi ja, ƙamshin ya cika gidan ya haura katanga. Na soya bakwai, na janye itacen daga murhu don kada mai ya ƙone, na juyo da akushi a hannu.

Baba yana tsaye a ƙofar ɗakinsa, ya dafa bango. Ba wanda ya kira shi. Kwana shida rabonsa da fitowa tsakar gida.

Muka shimfiɗa masa tabarma, ya zauna yana fuskantar murhu, ni da Gwaggo muka durƙusa gabansa, murhun yana bayanmu. Ya miƙa hannu, Gwaggo ta riƙe akushin.

“Tsaya ka ji. Yarinyar nan ta wanke ƙwarya, tsamin matarka ya mutu. Wannan daga hanyar Tsauni ya fito, daga hannun wadda ka sani. Na faɗa maka, na fita.”

“Yaya, shekara nawa matata tana zuwa rijiya ranar salla ta dawo da tulu ba ruwa? Kina tsammani ban iya ganin tulu ba?”

“To ba kai za ka fara ba.” Ta fizgi guda, ta yi bisimilla da ƙarfi kamar mai korar kare, ta gatsa. “In kurwa ake so a fara da tawa. Ta yi tauri, ta ishi mai ci aiki.” Tana tauna tana hararar sama. Ta haɗiye. Muka zuba mata ido, ba abin da ya same ta, sai hawaye da ya zubo mata, ta ce yaji ne.

Baba ya ɗauki guda, ya gutsura, ya tsoma a miya, ya kai baki. Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya wuce. Ya ƙara, ya wuce. Ya cinye na farko, ya ɗauki na biyu, zufa ta keto masa a goshi. Ba wanda ya yi magana, kada mu firgita abin.

Yana cikin na uku sai ya ɗaga kai. Ba mu ya duba ba, ta saman kafaɗata ya duba, wajen murhu. Fuskarsa ta saki. Ya yi magana da wata murya da ban ji ba tun kafin azumi, muryar da mutum ɗaya kaɗai yake yi wa.

“Ke, miyar nan gishiri ya yi kaɗan.”

Ya karkata kai yana saurare. Sai ya yi 'yar dariya, irin ta wanda aka mayar wa da magana, ya ce, “To, na ji. Bakina ne.” Ya ci gaba da ci.

Gwaggo ta damƙe hannuna har ƙashi. Ba ta waiwaya ba, ni ma ban waiwaya ba. Bayana yana jin ɗumi, ban sani ba ko na wuta ne. Muna nan durƙushe har ya cinye abin da ke akushin, ya suɗe yatsu, ya turo mini shi.

“Ƙaro biyu.”

Dole na tashi, dole na juya. Ba kowa a wurin. Kasko ne, da ƙwarya, da tukunyar miya. Amma itacen yana cikin murhu, an tura shi har gindi, wuta tana ci daidai, mai ya yi zafin suya kamar ana jira na. Ko ni ce na ɗauka na janye ban janye ba, Allah ne masani. Na jiƙa hannu, na ce bisimilla, na soya masa biyu.

Ya cinye su. Ya sha ruwa, ya kwanta nan kan tabarma a inuwa, ya yi barci har azahar, barcin mai rai, da minshari. Da ya farka ya tambaya ko akwai sauran tuwon jiya. Shekara goma sha ɗaya ya ƙara a duniya bayan wannan salla, shi ya yi wa ɗana na fari huɗuba.